Kawu Shuwayya Ya Zaɓi Motar Ƙarshe

Duk wanda ya taɓa shiga motar Kawu Bala a Jidda ya san hannun nan nasa na hagu. Kullum yana waje ta taga, yana yi wa mutane alama su wuce. Babbar mota ta danno masa hon, hannu ya fita. Ɗan tasi ya ɗura masa zagi da Larabci, hannu ya fita. Wata rana, wallahi da idona, wani mai kai saƙon abinci a kan keke ya wuce mu a cikin unguwar Aziziyya, har ya waiwayo ya duba ko lalacewa muka yi. Kawu ya bi shi da kallo, ya girgiza kai, ya faɗi maganar da duk kun haddace:

"Wa ya koro ka?"

Allurar gudunsa ba ta taɓa haura sittin ba. Ya shafe ƙuruciyarsa da rabin tsufansa yana tuƙa iyalin kafilinsa, Balaraben da yake aiki a ƙarƙashinsa, su ne ma suka sa masa Shuwayya, wato a hankali, sunan ya biyo shi har unguwarsu ta Karantina ya zauna daram. Da ya ajiye aiki suka bar masa tsohuwar farar motar da yake jan su a ciki. Ni Auwalu, ɗan ƙanwarsa, a cikinta ya ɗauko ni daga filin jirgi ranar da na zo aikin lantarki a garin nan. Ina da yaƙinin jirgin da ya kawo ni ya koma Kano ya huce kafin mu isa gida. Ni kuwa kun san ni da gajen haƙuri, tun ranar nake cizon yatsa a kujerar gefensa.

To wannan mutumin, jama'a, shi ne ya zama mai sharhin tseren motoci. Ikon Allah!

Lokacin da aka fara kawo babban tseren nan bakin teku, a titin Kornish, lokacin ne kuma ake rushe Karantina. Maƙwabtan shekara da shekaru kowa ya kama gabansa. Kawu ya koma unguwar Sa'alaba, kusa da bufiyar Isufu, ɗan shagon shayi da sanwici na wani mutumin Maraɗi mai talabijin a bango. Nan muke haɗuwa duk shekara idan tsere ya zo. Ga wanda bai sani ba, kwana guda kafin tseren ana yin gwajin rabon layi: kowane direba ya zaga titin iya ƙarfinsa, wanda ya fi sauri shi zai tashi a gaba, mai nawa ya tashi a baya. Washegari bayan la'asar, kafin a fara tseren, sai Kawu ya jawo kujera, ya kwashe wa Isufu kofunan shayi ya jera su bibbiyu a kan tebur, kowane kofi mota guda, ya soma bitar gwajin jiya.

"Alhaji, fardon, yi haƙuri, da me zan ba mutane shayi?" in ji Isufu.

"Su jira. Wa ya koro su?"

Abin da ya ba shi ƙarfin gwiwa, shi a wurinsa titin nasa ne. Duk yammacin Juma'a can yake kai iyalin kafili su shimfiɗa darduma su sha iska. Saboda haka ba ruwansa da lambobin da masu sharhin talabijin ke ba kowace kwana.

"Kun ga inda yaron nan ya goga bango jiya? Nan mai gasa masara yake tsayawa. Kowa ya san ana rage gudu a wurin mai masara."

Na ce, "Kawu, ai babu mai masara a wurin yanzu."

"To ka ga abin da ya sa suke haɗari!"

Ya kuma yi ta mita cewa sun wuce ta gefen masallaci ba wanda ya sassauta ko ɗaya, kuma tun da aka fara gwajin har aka gama bai ga mutum guda ya kunna sigina ba. Amma abin da ya fi ƙona masa rai shi ne taya. Ranar da kyamara ta nuno tayoyinsu kusa, sumul babu zane ko ɗaya, sai da ya miƙe tsaye.

"La haula! Ni murur, ɗan sandan hanya, ya tsayar da ni kan taya ɗaya tak da ta suɗe, ga mutane ana nuna su a duniya da huɗu huɗu!"

Aka yi masa bayani cewa haka ake ƙera su, kuma zagaye kaɗan ake yi a cire a sa sababbi. Nan fa hankalinsa ya ƙara tashi. Mutumin da ke wanke ledar burodi ya shanya ta a igiya, ka ce masa ana zubar da taya tun ba ta yi wuni ba? Washegarin tseren ya sa farar jallabiyarsa, ya ce in raka shi. Ban san inda za mu ba sai da na gan mu a ƙofar filin. Ya yi wa mai gadi sallama, ya ce ya zo karɓar tayoyin da aka cire, kada a yi almubazzaranci. Bawan Allah ya dubi Kawu, ya dubi motar, ya danne dariya ya ce, "Ya Hajj, ko an ba ka ba za su shiga motarka ba."

Kawu ya ce, "Kai dai kawo. Shekara nawa ina sa abin da bai shiga ba yana shiga."

Ba mu samu taya ba. A hanyar dawowa ya ce laifina ne, wai na tsaya ina sunkuyar da kai kamar wanda ya zo bara.

Sai kuma hasashe, wanda shi ne ainihin abin da ke tara mu. Bayan ya gama bita sai ya ɗaga kofi guda ya ce wannan ne zai ci yau. Shi ba ya duba sauri, ladabi yake dubawa. Wannan ya gaishe da makanikansa da hannu biyu, ɗan mutunci ne, shi zai ci. Wancan ya fito daga mota ya yi jifa da safar hannu, ba albarka a tare da shi. Kuma tun da muke, Allah shaida, bai taɓa dacewa ba. Ba ma rashin ci kaɗai ba. Duk wanda Kawu ya ɗaga kofinsa, ka fara yi masa addu'a. Ko injinsa ya yi hayaƙi, ko tayarsa ta fashe, ko wani ya kwaɗe shi tun a kwanar farko.

Wata shekara ya ƙi ɗaga kofi ko ɗaya. Ya ce ya gano gwanin gaskiya. Akwai motar da ke fitowa idan an yi haɗari, ta shiga gaba a hankali, duk masu tseren su jeru a bayanta har a share hanya. Direbanta Kawu ya zaɓa.

"Ga direba! Duk taƙamarsu, ya fito sai su bi bayansa kamar ɗalibai. Ka taɓa ganin wanda ya wuce shi?"

Muka ce ai ba ya cikin tseren. Ya ce saboda sun san idan ya shiga ba su da abin yi. Ku yarda ko kada ku yarda, a shekarar ba a yi haɗarin da ya sa motar ta fito ba. Isufu ya ce bakin Alhaji har haɗari yake korewa, ya kamata a ɗauke shi aiki.

Caca kuwa ba ya son ko sunanta. Akwai wasu samari da aka san suna yi a ɓoye cikin waya, su zo su raɓe a bakin bufiya suna kasa kunne. Ya kore su ya fi a ƙirga, yana cewa kuɗin caca wuta ne. Sai wata rana haƙurina ya ƙare na ce, "Kawu, ba fa shawararka suke bi ba. Zuwa suke su ji wanda ka zaɓa don su guje shi." Na ɗauka zai ji haushi. Sai ya gyara zaman hula.

"Ka ga ke nan maganata tana aiki har ƙasar Turawa. Juyawa kawai take yi a hanya."

Mu namu na tebur bai wuce wanda ya faɗi ya sayi mutabbak, soyayyen burodin nan mai nama da ƙwai a ciki, a ci ba, kuma Kawu ya ce wannan ciyarwa ce ba caca ba. Ci dai yana ci, saye kuwa bai taɓa yi ba, wai shi shawara ya bayar, bai shiga ba. Wanda ya fi shan wahalarsa shi ne Dakta Nura, likitan nan ɗan Zariya da ke zuwa da wayarsa cike da lissafin gudu. Dakta yana da wani direba da yake so kamar ɗan cikinsa. Da ya ga yadda bakin Kawu ke yi, sai ya zo da wuri da ledar mutabbak mai zafi har da lemo, ya durƙusa.

"Baba, don girman Allah, yau kada ka ambaci yarona. Ka zaɓi duk wanda kake so, shi dai ka bar shi."

Kawu ya cinye tas, ya suɗe yatsa, ya cika alƙawari ya ɗaga kofin wani. Ana dab da tashi sai ya ɗaga hannu sama.

"Shi kuma yaron Dakta, Allah ya ba shi sa'a."

Ba a yi nisa ba motar yaron ta tsaya cak a gefen titi tana tururi. Dakta ya dafe kai yana salati. Kawu ya ce, "Ni ban zaɓe shi ba. Addu'a ma ta zama laifi?"

Muna ta dariya duk shekara, ba mu lura da wani abu ba, ko kuma mun lura mun kau da kai. Kujerar Kawu tana ta matsawa kusa da talabijin, har ta kai sai ya ɗaga wuya kamar mai kallon wata. Ya fara kiran koriyar mota shuɗiya. Sannan wata safiya yana ribas ya ture tukwanen gas ɗin Isufu, suka yi ta gangarawa cikin lungu, mata na ihu. Ya fito ya duba ya ce tukwanen ne suka matso.

'Yarsa Khadija, wadda aka haifa a nan, ita ce ta ce tuƙin ya isa haka. Ita tana da motarta da lasisinta, kuma tuƙinta, Allah ya shirya, ba na gidansu ba ne. Ta yi lallashi, ta yi kuka, ta haɗa shi da limami. Kawu ya ɗaura mukullin motar a igiya ya rataya a wuya cikin riga, da shi yake wanka, da shi yake barci. Ni na goyi bayan Khadija da baki, amma a raina ina jin tausayinsa. Matarsa ta rasu, kafilinsa ya rasu, gidan Karantina ya zama fili. Mukullin nan shi kaɗai ya rage masa da ke buɗe wani abu nasa na kansa.

Tseren bara, muna zaune bayan la'asar, kofuna a jere, Kawu na tsakiyar bita, sai ga motar Khadija ta ci birki a bakin bufiya. Ta sauke gilashi.

"Abuya, khalas, ya isa! Jiya ma an ce ka hau kan dakalin mutane. Wallahi ma agdar, ba zan iya ba. Ka ba ni miftahin, mukullin nan, kafin ka kashe ɗan wani."

A gaban mutane! Na ga hannun Kawu ya tafi ƙirjinsa inda igiyar take. Ya dubi kofunan, ya ce, "To, uwata, mu yi alƙawari. Idan wanda na zaɓa yau ya ci, ba ki ƙara yi mini maganar mukulli har in koma ga Allah. Idan bai ci ba, ni da hannuna zan ba ki."

Isufu ya ce, "Alhaji, wannan kam caca ce, dakor, ka yarda?"

"Caca da 'yar cikina? Alƙawari ne, ku ne shaidu."

Khadija ta san tarihin bakin ubanta sarai. Ta ce, "Tayyib, na yarda," ta ja motarta gefe ta kashe.

Nan take duk muka koma bayan Kawu, har ni da nake cewa a karɓe. A shekarar akwai wani direba da ya addabi kowa, ya yi na ɗaya a gwaji, kuma kusan duk inda aka je shi ke ci. Na raɗa masa, "Kawu, kofin farko. Don Allah yau dai ka ajiye zancen ladabi." Dakta Nura ya kawo waya har hancinsa yana nuna masa lissafi, ya ce, "Baba, wannan ko da ƙafa uku yake tafiya zai ci." Isufu ya ce shi tsoronsa ɗaya, kada Alhaji ya zaɓi na gaban, shi ma na gaban ya shiga uku. Kawu ya jawo kujerarsa kusa da tebur. Ya miƙa hannu yana laluben kofunan, ya wuce na farko, ya wuce na tsakiya, ya tafi har ƙarshen tebur. Ya ɗaga kofin wani yaro da ya daki bango a gwajin jiya, wanda zai tashi a bayan kowa.

"Wannan."

Na ce, "Haba Kawu! Na ƙarshe fa ke nan!"

"Shi ya sa. Duk sauran akwai wani a bayansu. Shi kaɗai ne ba wanda ya koro shi, da hankalinsa zai yi tuƙi."

Na tashi na fita waje don takaici. Na ce taurin kan tsohon nan ya kai shi ya baro.

Bayan isha'i aka tashi tsere, Khadija na zaune a motarta tana kallo a waya. Abin mamaki, yaron nan na ƙarshe sai ya fara cin mutane. Ya wuce ɗaya, ya wuce biyu, aka yi wani karo a gabansa ya ratsa ya fita lafiya. Bufiya ta kaure da ihu, Isufu na buga faranti, Dakta ya manta da nasa yaron yana cewa "Yalla! Yalla!" Na juya in taya Kawu murna, sai na ga goshinsa ya jiƙe da zufa.

"Ya ƙara wuce wani, Kawu!"

"Ina kuma zai je?" in ji shi. "Yaron nan ba shi da natsuwa ashe."

Na ɗauka irin maganarsa ce ta kullum. A ƙarshe dai yaron a tsakiya ya gama, na gaban nan kuma ya ci abinsa kamar yadda kowa ya faɗa. Kawu ya miƙe, ya kakkaɓe jallabiya, ya ciro igiyar daga wuyansa, ya taka har gaban motar Khadija muna biye. Ya miƙa mata da hannu biyu, ya juyo ya ce da ƙarfi yadda duk lungun zai ji, "Ku shaida, tsere ne ya ci ni!" Khadija ta karɓa tana share hawaye da gefen mayafi. A ranar ne kuma, karo na farko a tarihi, Kawu ya sayi mutabbak. Guda ɗaya, aka yanka mana ƙanana.

Motar ta dawo hannuna, da sharaɗin duk Juma'a in kai shi shan iska. Da aka buɗe titin Kornish muka bi ta wurin da yamma, yana kujerar gefe, hannunsa na dama a waje don sabo. Haushin bai sake ni ba, na ce, "Kawu, da ka ɗaga kofin farko da yanzu kai ke tuƙa ni."

Muna wucewa ta inda mai masara yake tsayawa a da, sai ya ce:

"Auwalu, ranar gwajin nan ban ga mota ko ɗaya ba. Launi kawai nake gani yana giftawa. Ihunku nake bi in yi sharhi." Ya gyara zama. "Kuma ranar da na hau dakalin nan, akwai yarinya zaune a kai. Tashinta ke nan. Ban gan ta ba sai da ta yi kuka."

Na waiwaya na dube shi, ya ci gaba.

"Da Khadija ta ƙwace, cewa za a yi tsufa ya kayar da Shuwayya, 'yarsa ta raba shi da mota. Yanzu kuwa kowa ya san a tsere na faɗi, da ni da manyan direbobin duniya. Amma yaron nan ya so ya kunyata ni. Da ya fara wuce mutane, sai na ce yau bakina zai ci amanata."

Dariya ta zo mini tare da ƙwalla, ban san ƙafata ta danna mai ba. Sai na ji an buga mini cinya.

"Kai! Wa ya koro ka?"

Bai kai tseren bana ba. Ranar da aka yi masa salla, motar asibitin da ta ɗauke shi zuwa maƙabarta ta fizga da gudu kamar yadda suka saba. Isufu na gefena a farar motar, yana kuka yana cewa, "Ka ga, sun sa Alhaji ya haura sittin." Na taka mai in bi su, sai ƙafata ta ƙi. Na dawo da allurar inda ta saba zama. Aka yi ta danna mana hon, na sauke gilashi na fitar da hannu. Mu ne na ƙarshen isa, kuma jama'a sun jira mu, don duk wanda ke wurin ya san motar.

Bana mun jera kofunan, ba wanda ya iya ɗaga ko ɗaya.

Allah ya jiƙan Kawu Bala, ya haskaka masa kabarinsa fiye da hasken da idonsa ya rasa, ya saka masa da alheri kan ran da ya tsare ranar da ya miƙa mukullin nan. Kawu, ka yi mana haƙuri da wannan roƙon guda ɗaya: ranar ƙetare siraɗi, Allah ya sa ka wuce kamar walƙiya, ko da ba ka so. Amin.